Kwandansa: ragar bayan firigo da ake mantawa da ita

Ka ja firigonka daga jikin bango ka leƙa bayansa. Za ka ga wani baƙin bututu siriri ya yi ta lanƙwasa, ya hau ya sauka, an ɗaure shi da wayoyi kamar raga. Ita ce masu gyara ke kira kwandansa. Kada a ɗauka ita ce ɗan abin nan da ake canza wa fanka idan ta ƙi tashi. Sunayensu ne suka yi kama a Faransanci, amma aikinsu dabam.

Firigo zafi yake kwasowa daga ciki ya zubar a waje, sanyin da muke ji ke nan. Injin da ke ƙasa, wanda ake jin gurnaninsa cikin dare, shi ke matse gas har ya ɗau zafi, ya tura shi cikin ragar. Iskar ɗaki ta ɗebe zafin, gas ya koma ruwa, ya bi wani bututu mai sirantar tsinke ya shiga ciki, can ya sake zama gas yana shanye zafin ruwa da nama. Shi ya sa in ka taɓa ragar za ka ji ta da ɗumi. Lafiyarta ke nan.

To mu nan Damagaram ƙura ba baƙuwarmu ba ce. Hunturu zai shafe watanni yana shimfiɗa ta kan ragar, hayaƙin girki da yanar gizo-gizo su kama ta, ta zama kamar bargo. Daga nan bazara ta shigo, Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi ya haura 40. Zafi ya rasa hanyar fita, inji ya yi ta aiki ba hutu, kuɗin wuta ya ƙaru, wata rana ya ƙone.

Na gani da idona a gidan innata a Birni, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Ƙullin ruwa ya kwana bai daskare ba, ta ce a kira mai gyara ya ƙara gas. Da muka juya firigon, na shafa yatsa a bututun, ƙura ta ɓanɓaro kamar ɓawon burodi. Abin da ke damuna shi ne yadda muke saurin cewa gas ya ƙare. Gas a rufe yake zagayawa, ba ya raguwa sai in bututu ya huje.

Sharar ba wuya. A fara cire wuta. A samu buroshi mai laushi, ko sabon buroshin fenti, a bi ragar daga sama zuwa ƙasa a hankali, a goge kan inji da busasshen tsumma. Ban da watsa ruwa, ban da wuƙa ko waya, domin yawancin sababbin firigo gas R600a ke cikinsu, mai kama wuta ne. Galibi ana cewa sau biyu a shekara, ni dai a garin nan na fi son duk wata uku, musamman ƙarshen hunturu. In an mayar da firigon wurinsa, a bar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango.

Wani firigon ragarsa a ƙasa take kusa da inji. Wani kuma an ɓoye bututun cikin jikinsa, gefensa ne ke ɗumi. Irin wannan a goge gefen kawai, kada a rufe shi da zane ko a jingina masa buhu.