Waiwaye: Littattafan Mugun Gobe a Zauren Masu Karatu

Duk ƙungiyar masu karatu da ta zauna a laburare a Amurka ko Ingila don tattauna labaran mulkin danniya, da wuya a tashi ba a yi gardama kan mutum biyu ba: marubutan Ingila George Orwell da Aldous Huxley. Gardamar kuwa ta girmi masu yin ta.

Wani babban tushen irin waɗannan labarai daga Rasha ne. Yevgeny Zamyatin ya rubuta We a wajen 1921, labarin ƙasar da mutane ba su da suna sai lamba. Hukumomin Tarayyar Sobiyet suka hana shi fita, sai a 1924 aka buga fassararsa a New York. 'Yan ƙasarsa ba su same shi a fili ba sai 1988. Daga nan Huxley ya fito da Brave New World a 1932, Orwell kuma da Nineteen Eighty-Four a 1949.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, Huxley ya taɓa koyar da Faransanci a makarantar Eton ta Ingila lokacin Orwell yana ɗalibi a can. A Oktoban 1949 malamin ya aika wa tsohon ɗalibin wasiƙa, ya yaba Nineteen Eighty-Four, amma ya ce masu mulkin gaba za su gane cewa sa mutane su so bautarsu ya fi bulala da kurkuku sauƙi. Wato Orwell tsoron takalmin soja yake, Huxley kuma tsoron ranar da za a shagaltar da jama'a da daɗi har su daina tambaya. A ganina, mai waya a hannu yau zai fi jin ta Huxley.

Masu karatun Hausa sun san Orwell ta wata ƙofar, Gandun Dabbobi, fassarar littafinsa Animal Farm da Bala Abdullahi Funtua ya yi a 1975.

Littafin Ray Bradbury, marubucin Amurka, kuwa a laburare ya samo asali. A ƙarƙashin ginin laburaren jami'ar UCLA da ke Los Angeles ya yi hayar tafireta, santi 10 duk rabin awa, ya buga labarin da ya zama Fahrenheit 451 a 1953, na ƙasar da ake ƙona littattafai. Sai ga shi a 1967 kamfanin da ke buga shi ya fitar da bugun makarantu da aka tace, aka taɓa wurare kusan 75. Sai a 1979 Bradbury ya nemi a mayar da abin da aka cire, aka kuma mayar a 1980.