Tsarkin Jiki a Koyarwar Kirista: Jima'i, Nishaɗi da Halasta Tabar Wiwi

Tsarkin jiki koyarwa ce ta Kirista da ke cewa jikin mai bi ba mallakinsa ba ne, amana ce ta Allah a hannunsa. Nassin da aka fi kafa hujja da shi yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 6, aya 18 zuwa 20, inda ya kira jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki. Daga nan fastoci da malaman tauhidi suke ciro hukunci kan abubuwa uku da ake yawan haɗawa wuri guda, musamman a majami'un Amurka: saduwa a wajen aure, irin nishaɗin da ya dace da mai bi, da shan tabar wiwi tare da halasta ta a doka. Ukun ba ƙarfinsu ɗaya ba a nassi. Na farko Littafi Mai Tsarki ya kama sunansa ƙarara, na biyu ƙa'idoji kawai ya shimfiɗa masa, na uku kuwa bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Gwargwadon shirun nassi, gwargwadon faɗin saɓani tsakanin ɗariku.

Jima'i da aure

Hana zina yana cikin Dokoki Goma (Fitowa 20:14), kuma Yesu ya faɗaɗa shi har ya kai ga kallon sha'awa, wanda ya kira zinar zuciya (Matiyu 5:27-28). Sabon Alkawari yana amfani da kalmar Girkanci porneia, wadda ake fassarawa da fasikanci, kuma tun ƙarnonin farko ikkilisiya ta ɗauka cewa ta ƙunshi duk saduwar da ba ta aure ba. Katolika da Otodoks da galibin Furotesta sun haɗu a kan wannan. Inda suka rabu shi ne darajar zama ba aure da kuma manufar auren kansa. Agustin, bishof na Hippo, ya lissafa alheran aure uku: haihuwa, riƙon amana, da ɗaurin da ba ya warwaruwa. Martin Luther, jagoran farko na Furotesta, wanda ya bar zaman zuhudu ya yi aure a 1525, ya ƙi yarda cewa gwauranci ya fi aure tsarki. A 1930 taron Lambeth na bishof-bishof ɗin Angilikan ya yarda da tsara iyali ta hanyar hana ɗaukar ciki a wasu yanayi, alhali Fafaroma Paul na Shida ya sake jaddada haramcinsa a 1968.

A Amurka koyarwar ta ɗauki wani salo a shekarun 1990. A 1993 ɗarikar Baftis ta Kudu ta ƙaddamar da gangamin True Love Waits, inda matasa suke sa hannu a kati cewa ba za su sadu da kowa ba sai bayan aure. A shekarar da ta biyo baya an kafa katuna fiye da 200,000 a babban filin birnin Washington. Zoben alkawari ya zama ruwan dare a yatsun 'yan mata, kuma littafin da Joshua Harris ya fitar a 1997, mai kira ga matasa su bar zancen saurayi da budurwa sai in da niyyar aure, ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya.

Masu bincike sun bi sawun waɗannan matasa. Peter Bearman da Hannah Brückner sun gano a 2001 cewa masu alkawarin sukan jinkirta fara jima'i da kimanin wata 18. Binciken Janet Rosenbaum na 2009, wanda ya kwatanta su da takwarorinsu masu irin riƙon addininsu, ya nuna cewa bayan shekara biyar babu bambanci a kan fara jima'i, sai dai masu alkawarin sun fi sakaci da kariya daga ɗaukar ciki da cututtuka. Suka mafi zafi ta fito ne daga cikin gida: mata da yawa da suka tashi a wannan tarbiyya sun ce an ɗora musu nauyin sha'awar maza, an kuma nuna musu cewa wadda ta yi kuskure sau ɗaya ta zama kayan da aka taɓa, maganar da ba ta jituwa da koyarwar gafara. Harris da kansa ya nemi afuwa a 2018, ya sa aka daina buga littafin. Yawancin waɗannan masu suka ba su jefar da ƙa'idar ba, hanyar koyar da ita suka tuhuma.

Nishaɗi

Gardamar ta girmi silima da ƙarnoni masu yawa. Wajajen shekara ta 200 Tertulian, wani malamin Kirista, ya rubuta wa Kiristocin birnin Kartej da ke Arewacin Afirka cewa su ƙaurace wa wasannin dandalin Romawa, saboda bautar gumaka da zubar da jini da batsa. A 1642 majalisar Ingila, wadda 'yan Furitan, Furotesta masu tsananin riƙon addini, suke da ƙarfi a cikinta, ta rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan, ba a sake buɗe su ba sai 1660. Da fim ya zo, bishof-bishof ɗin Katolika na Amurka suka kafa ƙungiyar Legion of Decency, wadda a wancan lokacin take rarraba finafinai aji-aji, tana sa masu bi su yi alkawarin ƙaurace wa waɗanda aka la'anta. Tsoron asarar masu kallo ya sa kamfanonin Hollywood suka fara aiki da dokar tace finafinai da gaske daga 1934. Baftis ta Kudu ta gwada irin wannan makami na ƙauracewa a kan kamfanin Disney daga 1997 zuwa 2005.

Tsofaffin hane-hane da dama sun sassauta. Jami'ar Baylor ta 'yan Baftis ba ta yarda an yi rawa a harabarta ba sai 1996, kwalejin Wheaton kuma ta ɗage nata haramcin a 2003. Yau akasarin majami'u ba sa hana fim ko kiɗa ɗungurungum. Suna miƙa wa mai bi ma'auni daga Filibiyawa 4:8, cewa ya sa ransa ga abin da yake gaskiya ne, mai tsabta, abin yabo, sannan su bar sauran ga lamirinsa bisa Romawa 14. Hotunan batsa ne kaɗai ba a bar wa lamiri ba. Katikisim, wato littafin koyarwar Katolika na 1992, ya kira su babban laifi a sakin layi na 2354, kuma Furotesta masu riƙon gargajiya ba su saɓa ba.

Tabar wiwi

Da yake babu ayar da ta ambaci wiwi, ana yin ƙiyasi ne da giya. Afisawa 5:18 ta hana buguwa, 1 Bitrus 5:8 ta yi umarni da zama cikin natsuwar hankali. Amma Littafi Mai Tsarki bai haramta ruwan inabi ba, har Bulus ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda cikinsa. Masu hani suna cewa ƙiyasin bai zauna daidai ba, domin ana iya shan kofi ɗaya na inabi ba a bugu ba, mai zuƙar wiwi don nishaɗi kuwa buguwar ce yake nema. Masu sassauci kan jawo Farawa 1:29, inda Allah ya ba mutum kowane tsiro mai iri, sai a amsa musu cewa ayar ta ce don abinci. Sakin layi na 2291 na Katikisim ya ce shan ƙwaya babban laifi ne in ba don magani zalla ba, kuma wannan togaciya ta magani ita ce inda aka fi samun jituwa. Ɗarikar Firesbiteriya ta Amurka ta goyi bayan wiwi na magani a 2006.

Da, wata hujja mai sauƙi tana wadatar da fasto: Romawa 13 ta ce a yi biyayya ga hukuma, hukuma kuma ta hana. Wannan katanga ta fara zubewa a 1996 da jihar Kalifoniya ta Amurka ta halasta wiwi don magani, sai jihohin Kolorado da Washington suka halasta shi don nishaɗi a 2012, Yurugwai a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024. Hakan ya tilasta wa majami'u raba tambayoyi biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: shin zunubi ne, kuma shin ya kamata a ɗaure mutum a kansa? Fafaroma Francis ya ƙi halastawa ƙememe a wani taro kan yaƙi da miyagun ƙwayoyi a Rum a Yunin 2014. Abin mamaki, Pat Robertson, mai wa'azin talabijin da aka sani da tsananin ra'ayin mazan jiya, ya ce a 2012 a ɗauki wiwi kamar yadda aka ɗauki giya, domin yaƙin da ake yi da shi ya cika kurkuku da matasa ba tare da nasara ba. Masu irin wannan ra'ayi suna tuna haramcin giya na Amurka daga 1920 zuwa 1933, wanda majami'un Furotesta suka yi ruwa suka yi tsaki wajen kafa shi, ya ƙare da bunƙasar fasa-ƙwauri. Wasu fastocin baƙar fata kuma sun shigo ta ƙofar adalci, suna nuni da rahoton 2013 na ACLU, ƙungiyar kare 'yancin ɗan ƙasa ta Amurka, da ya nuna ana kama baƙaƙe kan wiwi kusan ninki huɗu na farare, duk da cewa yawan shan ya yi kusan daidai.

Mutanen da ke zaune a kan bencin coci sun fi shugabanninsu sassauci. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta cibiyar bincike ta Pew ta 2021, kashi 44 cikin ɗari na fararen 'yan Ibanjelika (Furotesta masu riƙon gargajiya) a Amurka sun yarda a halasta wiwi don magani da nishaɗi, kusan adadi ɗaya kuma suka ce don magani kaɗai.