Ƙwayar barci ba barci take zubawa a kai ba

An daɗe ana ɗauka cewa maganin barci yana kawo irin barcin da jiki ya saba. Ba haka ba ne. Magunguna irin su diazepam da zolpidem ƙara wa GABA ƙarfi suke yi, sinadarin da ke taka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa birki, sai sassan farkawa su lafa. Amma diazepam na rage barci mai zurfi, kuma rabinsa kan fi awa 20 kafin ya bar jini, shi ya sa ake tashi da jiri, kai nauyi.

Shi kuwa suvorexant, wani maganin barci da Amurka ta amince da shi a 2014, orexin yake toshewa, sinadarin ƙwaƙwalwa mai riƙe mutum ido biyu.

Haɗa diazepam ko zolpidem da giya na danne numfashi. Wanda ya daɗe kan diazepam ya daina kwatsam, rashin barci kan dawo, har da farfaɗiya. Likita ke rage shi sannu-sannu.