Ƙungiyar taimakon unguwa a Yamai: tambayoyin da ake yi mana kafin ruwa ya sauka

Duk shekara idan hadari ya fara taruwa ta gabas, iska mai ƙura ta fara kaɗa rufin kwano, tambayoyi kan yi mana yawa, mu da ke cikin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon unguwa a nan Bukoki. Wasu a fada ake yi mana su ana jiran shayi na biyu, wasu a ƙofar masallaci, wasu kuma iyayenmu mata ke tare mu da su a bakin titi. Na tattara waɗanda suka fi maimaituwa, na amsa su yadda nake amsawa baki da baki.

Wai me ya raba ku da fada? Ai ku ɗin ne dai muke gani kan tabarma da dare.

Mu ɗin ne, kuma daga fadar muka fito. Abu uku ya raba mu da ita: littafin da ake rubuta duk abin da aka yanke, asusun da kowa ke zuba wa kuɗi a wata, da ranar aiki da ba a ɗagawa don wani ya yi baƙi. Aikin kansa ba sabo ba ne. Kakanninmu sun san gayya, a taru a nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Iyayenmu kuma sun yi samariya a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da sarkin samari kan sa a buga ganga a fito sharar gari ko ginin aji. Bambancin shi ne samariya tana da hukuma a bayanta, wanda bai fito ba ya san za a tambaye shi. Mu ba mu da abin da za mu tsare kowa da shi sai kunya da alkawari.

Ku da masu Rotary da Lions, tafiyarku ɗaya?

A'a. Su manyan ƙungiyoyi ne na duniya, kuma duka biyun suna da rassa a Yamai. Wani lauya, Paul Harris, ya kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka a 1905, Melvin Jones kuma ya kafa Lions a wannan birnin a 1917. An fi sanin Lions da aikin ido, Rotary kuma da yaƙi da shan inna, wanda ta sa gaba tun 1985. Ranar 25 ga Agustan 2020 da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, suna cikin waɗanda aka gode wa. Ƴaƴansu galibi likitoci ne da lauyoyi da manyan ƴan kasuwa, kuɗin da suke zubawa kuma ya fi ƙarfin mai gyaran babur.

Amma akwai abu ɗaya da muka ara a wurinsu, kuma ina ganin ya kamata kowace ƙungiya ta ara. Shekararsu tana farawa ranar 1 ga Yuli, shugaban reshe kan yi shekara guda ya miƙa wa wani. Na ga ƙungiyoyin unguwa da dama da suka mutu don mutum ɗaya ya zauna bisa kujera har ƙungiyar ta koma kamar shagonsa. Ranar da ya yi tafiya, sai littafi da hatimi su tafi tare da shi.

To, me ke gabanku yanzu?

Magudanun ruwa. Babu aikin da ya fi wannan gaggawa, kuma babu wanda mutane suka fi gudu, don aiki ne na wari da baƙin taɓo. Wanda yake Yamai a Satumbar 2020 bai manta yadda kogin Kwara ya fasa shingen da aka yi masa ya shiga Lamorde da sauran unguwannin Harobanda ba, mutane suna kwashe katifu a kwalekwale. A 2024 kuwa ambaliya ta yi ɓarna a faɗin ƙasa har sai da aka ɗage komawa lakkol zuwa 28 ga Oktoba. Ba zan yaudare ku ba: felu da manjagara ba su tare kogi, wannan aikin gwamnati ne. Amma ruwan da ke cin gidajen laka a unguwanni irin namu, da ke nesa da kogi, ba na Kwara ba ne. Ruwan sama ne da ya nemi hanyarsa zuwa kwarin Gunti Yena ya tarar an toshe ta da leda da yashi da tsumma, sai ya juya ya shiga zaure. Wannan kam muna da abin yi a kansa.

Ledar nan, tun Nuwamban 2014 akwai dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita, amma duk wanda ya taɓa sa felu a magudana ya san ita ce rabin abin da ake fitarwa.

Kuskuren da muka yi a farko, kuma har yanzu nake ganin wasu suna yi, shi ne a yashe magudana a tara dattin a bakinta a tafi. Ruwan farko na zuwa sai ya mayar da shi inda aka ɗebo shi, wahalar yini guda ta tashi a banza. Don haka yanzu ba ma sa ranar yasa sai mun je ma'aikatar magajin gari ta yankinmu, mun samu alkawarin motar kwasar shara, in ba ta samu ba mu yi jinga da masu amalanke. Kuma daga ƙasa ake farawa, inda ruwan ke fita, a hauro sama. In ka buɗe sama ka bar ƙasa a toshe, maƙwabcinka ka tura wa ruwan.

Wata dattijuwa ta tare ni ta ce: "Ɗana, jinin nan da kuke kai yaranmu suna bayarwa, ba zai rage masu ƙarfi ba?"

Inna, ba zai rage ba. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Kafin a taɓa mutum sai an auna nauyinsa da hawan jininsa, an yi masa tambayoyi. Wanda bai kai shekara 18 ba, ko bai kai kilo 50 ba, ko mace mai ciki, ba a karɓa daga gare su. Allurar sabuwa ce, a gabansa ake buɗe ta. Jinin kuma ana gwada shi a nemi sida da ciwon hanta da tunjere kafin a ƙara wa kowa.

Abin da nake so a gane shi ne lokaci. Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya, a ranar cibiyar ƙarin jini ta ƙasa kan cika da mutane da masu ɗaukar hoto. Madalla da hakan. Amma jini ba ya ajiyuwa wata da watanni, makonni kaɗan ne. Tsananin buƙatar kuwa a Agusta da Satumba yake zuwa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke shanye jinin ƙananan yara, ga mata masu haihuwa a asibitin Issaka Gazobi, ga masu amosanin jini da ba su da rani ba su da damina. A daidai lokacin ne kuma ɗalibai, waɗanda su ne ke yawan bayarwa, suke hutu, da yawansu sun tafi gida noma. Shi ya sa muka raba kanmu kashi biyu, wasu su je a Yuni, sauran su jira tsakiyar damina. Sakatarenmu yana riƙe da sunan kowa da rukunin jininsa, don in an bugo waya da tsakar dare a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Shukar itatuwa fa? Kowace shekara ana yi, amma ina itatuwan?

Wannan tambayar tana da zafi domin gaskiya ce. Ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, ita ce kuma ranar shuka itace tun 1975. Da duk abin da aka dasa a waɗannan ranaku ya rayu, da ba a ganin rufin gidajen Yamai don inuwa. Dubi dajin dogon yaro da aka fara kewaye birnin da shi tun 1965, yadda gine-gine da gatari da juji suka cinye gefensa.

Mu ma mun taɓa faɗawa wannan rami. Wata shekara mun dasa itatuwa a jere a bakin wani titi, muka yi addu'a muka watse. Damina ta riƙe su, muka ɗauka an gama. Kafin azumin shekarar awaki sun cinye wasu, zafin Afrilu ya ƙone sauran. Ranar da na bi ta wurin na ga ramukan babu komai, sai da na tsaya na daɗe ban ce uffan ba, don yaran unguwa ne suka haƙa su da hannunsu.

Daga nan muka canza tsari. Ba ma dasa itace sai yana da mai shi: wani gida, ko mai shago, ko ladanin masallaci da ya ce ya ɗauka. Ba ma dasawa sai an tanadi shingen da zai kare shi daga dabba. Kuma a cikin asusu akwai kuɗin ɗan garuwa na watannin Maris zuwa Mayu, don a lokacin ne itace ke mutuwa, ba a Agusta ba. Itace goma da suka kai damina ta uku sun fi mini ɗari da aka ƙirga ranar biki.

Kuna taimaka wa ƴan lakkol?

Gwargwadon hali, idan Oktoba ta gabato: littattafan rubutu da alli da allo ga marayun da mai unguwa da malamai suka nuna mana. Abin da ya fi damunmu shi ne azuzuwan zana. Tun gobarar Afrilun 2021 a unguwar Pays-Bas, wadda ta kashe yara kimanin 20 a irin waɗannan azuzuwa, muke bin makarantun da ke kusa da mu muna roƙon a bar ƙofa biyu, a nisanta masu tuya da murhu, a ajiye yashi da ruwa a kusa. Ginin aji na siminti ya fi ƙarfinmu, wannan kuwa bai fi ba.

Kuɗin fa, daga ina, kuma a hannun wa?

Daga aljihunmu. Duk mai aiki dala ɗari a wata, mai hali ya ba da jika ko fiye. Wajen tsaron kuɗi, iyayenmu mata ne malamanmu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu zuwa ƙasashe da yawa, kuma abin da ya riƙe shi shi ne ba a ƙirga kuɗi a ɓoye. Muka kwaikwayi masu irin wannan asusu: akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, ba a buɗewa sai a gaban taro. Ma'aji yana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da ƙarfi, har kuɗin ruwan sanyin da aka sha ranar aiki. Ba rashin yarda ba ne, kare mutuncin ma'ajin ne, don zargi ya fi sata saurin kashe ƙungiya.

Ga masu son kafa tasu, akwai dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984, kuma izinin aiki daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Ku rubuta tsarin mulkinku, ku nemi takarda kafin ku fara karɓar kuɗin kowa daga waje.

In wani babba ya kawo gudummawa ya ce a kira talabijin?

Muna karɓar siminti da felu daga kowa, mu yi godiya, mu rubuta a littafi. Amma ba ma jera marayu ko zawarawa a rana su riƙe buhun shinkafa don a ɗauke su hoto. Kayan azumi da na sallah da dare ake kai su, mutum biyu, ɗaya daga cikinsu mace in gidan na mata ne. Wanda wannan sharaɗi bai yi masa ba, muna ba shi haƙuri ya kai wani wuri. Haka kuma ba a shigo mana da hular jam'iyya wurin aiki.

"Yaya, ni ɗaliba ce, ba ni da ko dala. Zan iya shiga?"

Ƙanwata, shigo. Ɗalibi da wanda ba ya da aiki ba a tambayarsu kuɗi, hannunsu ake so. Mata ne ma ke shiga gidajen da mu maza ba mu shiga, su ne ke gano gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, da uwar da ta manta ba ta kai ɗanta allurar rigakafi ba, da wadda ba ta ba yaro maganin kariyar zazzaɓin da ake rabawa gida gida da damina ba. Ki faɗa wa iyayenki tukuna, in sun yarda ki zo taro sau biyu ki saurara kafin a rubuta sunanki.

Ranar yasa kuwa Asabar ce, bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. A zo da takalmi mai rufi, ba silifa ba, don akwai fasassun kwalabe da ƙusoshi a cikin taɓon. Mai safar hannu ya zo da ita, mai baro ya turo shi. Wanda yake da rauni a ƙafa ko a hannu kada ya shiga magudana, akwai aikin raba ruwan sha da tare motoci a bakin titi.