Asalin Kalmar "Fossil" a Harsunan Turai

Kalmar da yawancin harsunan Turai ke kiran ragowar dabbobi da tsirrai na zamanin da, waɗanda suka daskare a cikin duwatsu, daga harshen Latin ta fito. A Latin, fossilis na nufin abin da aka tono daga ƙasa, kuma tushenta shi ne fodere, wato haƙa. Da farko babu ruwan kalmar da ko abin ya taɓa yin rai ko bai taɓa ba: gishiri da ƙarfe da duwatsu masu daraja da ƙasusuwa duk suna cikinta, muddin daga ƙarƙashin ƙasa aka fito da su.

Da wannan faffaɗar ma'ana Georgius Agricola, likita Bajamushe da ya zauna a yankin masu haƙar ma'adinai, ya yi amfani da ita a littafinsa De natura fossilium na 1546, wanda a gaskiya kan ma'adinai yake magana. Conrad Gessner na Zurik ya bi sahunsa a 1565. Ma'anar ba ta fara tsukewa ba sai da masana suka yarda cewa wasu daga cikin waɗannan abubuwa halittu ne a da, kuma aikin Nicolas Steno ɗan Denmak ya taimaka ƙwarai, domin a 1667 ya nuna cewa wasu duwatsu masu kama da harshe haƙoran kifin shak ne. Daga ƙarni na 18 zuwa farkon na 19 ne kalmar ta tsaya ga ragowar halittu kawai.

Faransanci da Italiyanci suna cewa fossile, Sifaniyanci fósil, Holanci fossiel, Turanci kuwa daga Faransanci ya aro. Amma ba kowa ya bi Latin ba, don wasu harsunan sun dubi komawar abin dutse maimakon tono shi. Jamusanci yana da Versteinerung kusa da Fossil, Girkanci yana da apolithoma, harshen Folan kuma skamieniałość, kowace an gina ta kan kalmar dutse, wanda kusan ya fi dacewa da abin da ake nufi a yau.

Tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. A Rashanci, iskopayemoye, wato abin da aka tono, har yanzu tana ɗaukar ragowar halittu da kuma ma'adinai irin su kwal da tama.