Börje Salming

Anders Börje Salming ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara ne daga ƙasar Suwidin, wanda aka haifa ranar 17 ga Afrilu, 1951, ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, 2022. Mai tsaron baya ne, kuma ya shafe kakar wasa 17 a gasar NHL ta Kanada da Amurka, 16 daga ciki a ƙungiyar Toronto Maple Leafs, ɗaya kuma a Detroit Red Wings. Ya buga wasanni 1,148 a gasar, ya ci ƙwallo 150, ya taimaka aka ci 637. Shi ne ɗan Suwidin na farko da aka shigar da sunansa zauren karrama gwarzayen wasan da ke Toronto, a shekarar 1996. Bai taɓa ɗaga kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, ba, amma an fi tunawa da shi a matsayin mutumin da ya sa masu horarwa da 'yan kallo na Arewacin Amurka suka daina kallon ɗan wasan Turai a matsayin matsoraci.

Asali da tasowa

An haifi Salming a ƙauyen Salmi, cikin yankin Kiruna da ke can ƙuryar arewacin Suwidin, inda rana ke ɓacewa ta yi makonni ba a gan ta ba a tsakiyar hunturu. Kiruna gari ne na haƙar tama, kuma a wannan aiki mahaifinsa Erland yake neman abinci. Erland ɗan ƙabilar Sami ne, mutanen asali na arewacin Suwidin da Norwe da Finlan, waɗanda aka san su da kiwon barewar ƙanƙara. Ya rasu a wani hatsari a mahaƙar lokacin da Börje yake da shekara biyar, ya bar mahaifiyarsa Karin da ɗawainiyar gida. Wansa Stig shi ma ɗan hoki ne, kuma shi ne ya riga shi shiga harkar ya zame masa abin koyi.

Ya fara wasa a ƙungiyar garinsu, Kiruna AIF, daga 1967 zuwa 1970, a rukuni na biyu na gasar ƙasar. Daga nan ya bi sawun wansa zuwa Brynäs IF ta birnin Gävle, wadda a wancan zamani babu kamarta a Suwidin, kuma tare da ita ya lashe gasar ƙasa a 1971 da 1972. Ƙungiyar ƙasa ta gayyace shi gasar duniya ta 1972, inda Suwidin ta zo ta uku, da ta 1973, inda ta zo ta biyu.

Zuwa Toronto

Kafin a gane nauyin abin da Salming ya yi, sai an san yadda wasan yake a ɓangarorin biyu na tekun Atilantika a farkon shekarun 1970. A hoki, kowace ƙungiya tana sa mutum shida a fili, wato gola ɗaya, masu tsaron baya biyu, da 'yan gaba uku, suna sulu a kan takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora ɗan faifan baƙar roba da sanda. Filin Turai yana da faɗin mita 30, na NHL kuwa bai wuce kimanin mita 26 ba. Wannan bambanci na mita huɗu ya haifar da salon wasa biyu. A Turai akwai sarari, don haka ana dogara da gudu da miƙa faifai daga wannan zuwa wancan. A Kanada fili ya matse, bangaje abokin karawa a jikin katangar fili halak ne, kuma dambe a tsakiyar wasa ba ya jawo wa mutum kora, sai dai zaman mintuna biyar a benci. Ulf Sterner, ɗan Suwidin da ya gwada sa'arsa a New York Rangers a 1965, wasa huɗu kawai ya buga a gasar kafin ya koma gida, kuma aka ɗauki labarinsa hujja cewa mutanen ƙasarsa ba za su jure ba.

A ƙarshen 1972, wani mai farautar 'yan wasa na Toronto, Gerry McNamara, ya je Suwidin domin ya duba 'yan wasa. A wasan da Brynäs ta yi da wata ƙungiyar Kanada mai suna Barrie Flyers ne idonsa ya faɗa kan wani dogon mai tsaron baya da ba ya ja da baya idan an taso masa. Salming ne wannan, kuma Toronto ta ɗauke shi tare da ɗan wasan gaba Inge Hammarström a watan Mayun 1973. A wasansa na farko, da Buffalo Sabres, aka zaɓi Salming gwarzon wasan, kuma ya gama kakar da maki 39, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci.

Tarbar da abokan karawa suka yi masa ba ta da daɗi. Suna kiransa da wani laƙabi na reni mai nufin Basuwide matsoraci, suna kai masa sanda a ƙafa da haƙarƙari inda alƙalin wasa ba ya gani. Ƙungiyar Philadelphia Flyers, wadda ta ɗauki kofin Stanley a 1974 da 1975 da salon tsoratarwa, ita ta fi matsa masa, kuma tun a wasansa na biyu a gasar sai da ya ba hamata iska da Dave Schultz, babban ɗan dambenta. Ko a cikin gida bai tsira daga wannan kallo ba, domin mai ƙungiyar, Harold Ballard, ya taɓa yi wa Hammarström ba'a cewa zai iya shiga kusurwar fili da ƙwai a aljihu ya fito ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Salming bai zama ɗan dambe ba, kuma bai nemi ya zama ba. Yakan sha duka ya miƙe, ya koma cikin wasa, ya kwanta a gaban faifan da aka harbo da ƙarfi ya tare shi da jikinsa, sannan ya ɗauko shi daga bayan ragarsu ya ratsa fili da shi har gaban golan abokan karawa. A wasannin neman kofi na 1976, Mel Bridgman na Flyers ya lakaɗa masa duka har hukumomin lardin Ontario suka tuhumi Bridgman da laifin cin zarafi, amma Salming ya dawo ya ci gaba da buga wasannin.

Shekarun ganiya

Daga 1975 zuwa 1980, shekara shida a jere, sunansa bai fita daga jerin fitattun 'yan wasan kaka ba: sau ɗaya a sahun farko, a 1977, sau biyar a sahu na biyu. A kakar 1976–77 ya tara maki 78, wato ƙwallo 12 da taimako 66, adadin da ba kasafai mai tsaron baya ke kaiwa ba. Sau biyu ya zo na biyu a zaɓen kyautar Norris da ake ba mai tsaron bayan da ya fi kowa, a 1977 da 1980, kuma duka biyun Larry Robinson na Montreal Canadiens ne ya sha gabansa. Magoya bayan Toronto suka raɗa masa suna Sarki.

Babu abin da ya nuna matsayinsa a birnin kamar abin da ya faru a gasar Kofin Kanada ta 1976. Ya shiga filin Maple Leaf Gardens sanye da rigar Suwidin mai ruwan ɗorawa, a wasa da Amurka, ba da rigar Toronto ba. Da aka kira sunansa, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi na tsawon lokaci, shi kuwa yana tsaye a layi cikin abokansa, kansa a sunkuye. Shekara uku kacal ke nan da zuwansa ƙasar.

Toronto ta wancan lokaci tana da 'yan wasa na gaske, irin su Darryl Sittler da Lanny McDonald da Ian Turnbull, abokin Salming a tsaron baya. Mafi nisan da suka kai shi ne wasan kusa da na ƙarshe a 1978, ƙarƙashin mai horarwa Roger Neilson, bayan sun fitar da New York Islanders a wasa na bakwai. Salming bai ga ƙarshen wannan karawa a fili ba, saboda sandar Lorne Henning ta same shi a ido, aka kwantar da shi a asibiti. Montreal ta fitar da Toronto ba tare da shi ba. Bayan haka ƙungiyar ta watse a hankali: aka sayar da McDonald a 1979, Sittler ya tafi a 1982, kuma shekarun 1980 suka zama daga cikin mafiya muni a tarihinta. Salming ya zauna. Abin takaici ne ƙwarai a ce ɗan wasa mai wannan daraja ya ƙarar da rabin zamaninsa a ƙungiyar da ba ta da tsarin da zai kai ta ga kofi, kuma duk wanda zai auna shi da rashin kofin Stanley ya kamata ya fara duba wannan.

Shekarar 1986 ta zo masa da abubuwa biyu masu nauyi. Ya shaida wa wata jarida cewa ya taɓa gwada hodar ibilis shekaru da suka wuce, hukumar gasar ta dakatar da shi na kaka guda, daga baya ta rage hukuncin zuwa wasa takwas. Sannan ranar 26 ga Nuwamba, a wasa da Detroit, ya faɗi a gaban raga cikin turmutsitsi, sai kaifin takalmin Gerard Gallant ya tsaga masa fuska bisa kuskure, daga goshi, ta gefen ido, zuwa kusa da baki. An yi masa ɗinki sama da 200. Hoton fuskarsa da aka ɗauka bayan aikin yana daga cikin hotunan da aka fi sani a tarihin wasan. Ya dawo fili a cikin kakar, da gilashin kariya a hularsa. A watan Janairun 1988 ya zama ɗan wasa na farko da aka haifa aka kuma horar a Turai da ya buga wasanni 1,000 a NHL.

Ƙarshen wasa da karramawa

Ya bar Toronto a 1989 bayan wasanni 1,099, ya yi kaka ɗaya a Detroit, sannan ya koma gida ya shiga AIK ta Stockholm har zuwa kakar 1992–93. Ya wakilci Suwidin a Kofin Kanada na 1991 da gasar Olamfik ta hunturu ta 1992 a Albertville ta Faransa yana da shekara 40. Bayan ritaya ya shiga kasuwancin tufafi da kayan wasanni da ke ɗauke da sunansa.

Hukumar hoki ta duniya ta shigar da shi zaurenta na karramawa a 1998, kuma a 2008, da take bikin cika shekara 100, ta sa shi cikin mutum shida da ta zaɓa gwarzayen ƙarni, tare da Wayne Gretzky na Kanada da 'yan Tarayyar Sobiyet huɗu. Toronto ta jingine lambar rigarsa, 21, a 2016, wato babu ɗan wasanta da zai sake sa ta, NHL kuma ta lissafa shi cikin manyan 'yan wasanta 100 a 2017. Nicklas Lidström, wanda ya ci kyautar Norris sau bakwai, ya sha faɗin cewa Salming ne gwaninsa tun yana yaro.

A watan Agustan 2022 ya sanar cewa yana fama da cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsokar jiki, kuma ba ta da magani. Cikin 'yan watanni ta hana shi magana. Duk da haka ya yi tafiya zuwa Toronto a watan Nuwamba, inda ranar 11 ga wata ya fito gaban 'yan kallo tsakanin Sittler da Mats Sundin, Sittler yana kuka ya ɗaga masa hannu domin ya gaida jama'a. Washegari ƙungiyar ta fara wasanta da Vancouver Canucks da 'yan Suwidin shida a fili. Ya rasu a Nacka, kusa da Stockholm, yana da shekara 71, ya bar gidauniya mai sunansa da ke tallafa wa binciken cutar. Taimako 620 da ya bayar a rigar Toronto shi ne mafi yawa a tarihin ƙungiyar, haka ma maki 768 da ya tara a tsakanin masu tsaron bayanta.