Kwantar da babur da gangan a lokacin haɗari

Kwantar da babur da gangan shi ne direba ya kayar da babur ɗinsa a gefe guda yana cikin tafiya, ya bar shi yana jan ƙasa, da nufin kada ya yi karo da abin da ya tare masa hanya. Yawanci ana yin haka ne ta hanyar taka birkin baya da ƙarfi har tayar ta daina juyawa, sannan a karkatar da babur ɗin. Masu koyar da tuƙi da masu binciken haɗari a yau sun yi ittifaƙi cewa a kan kwalta wannan dabara cutarwarta ta fi amfaninta nesa ba kusa ba.

Asalin dabarar

An fi jin labarinta a Amurka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana koya wa sojoji masu kai saƙo a kan babura irin su Harley-Davidson WLA, yadda za su kwantar da shi cikin gaggawa su fake a bayansa idan aka buɗe musu wuta. Can manufar tsira daga harsashi ce, kuma galibi a kan turɓaya ake yi. Baburan wancan zamani birkinsu ba shi da ƙarfi, tayoyinsu kuma ba sa kama hanya kamar na yanzu. Kamfanin Harley-Davidson bai fara sa birkin gaba ba sai a 1928. Finafinai sun ƙara yayata abin, amma masu yin sa a fim ƙwararru ne da suka shirya wurin, suka sa kayan kariya, suka san daidai inda za su faɗi.

Dalilin da ya sa ba ta aiki

Abin da ke tsayar da babur shi ne riƙon da ke tsakanin roba da kwalta. An ƙera taya domin ta kama hanya. Ƙarfe, tanki, salansa da robar jikin babur kuwa santsi suke yi. Masu binciken haɗari sun auna cewa babur da ke jan ƙasa a gefensa yana rage gudu da kusan rabin ƙarfin da babur tsaye yake ragewa idan aka matse birki yadda ya kamata a busasshiyar kwalta.

Lissafin yana da sauƙi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa, da tayoyi masu kyau da direba gwani, zai iya tsayawa cikin kimanin mita 18 daga lokacin da birki ya kama. Idan aka kwantar da shi, sai ya ja ƙasa kimanin mita 35 kafin ya tsaya. To, a ce motar da ta tare hanya tana nisan mita 18: wanda ya yi birki zai tsaya a dab da ita, wanda ya kwantar da babur kuwa zai daki motar da gudun da ya haura kilomita 40 a awa. Kuma a kwance zai isa gare ta, daidai tayoyi da ƙarƙashin mota, inda ake tsoron a bi ta kansa.

Akwai asara ta biyu wadda ta fi wannan muni. Muddin tayoyi biyu na ƙasa, direba yana da zaɓi: ya ƙara birki, ya saki ya kauce, ko ya bi ta ratar da ta buɗe idan mai motar ya matsa. Da zarar babur ya kwanta, zaɓi ya ƙare, sai inda gudu ya kai shi. Sannan idan tayar baya ta goce gefe, direba ya tsorata ya saki birki, tana iya sake kama kwalta farat ɗaya, babur ya miƙe da ƙarfi ya yi jifa da shi ta sama. Wannan faɗuwa tana cikin mafi muni da mahayi ke gamuwa da su.

Abin da bincike ya nuna

A 1981 aka fitar da rahoton Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya yi nazarin haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles. Rahoton ya gano cewa direba yakan samu ƙasa da daƙiƙa biyu ne kawai ya yi duk abin da zai yi, kuma mafi yawansu suna danne birkin baya fiye da kima har tayar ta zame, suna barin na gaba ba su yi amfani da shi sosai ba. Wannan ya sa masana ke ganin cewa da yawa daga cikin masu cewa da gangan suka kwantar da babur, a gaskiya tayar baya ce ta kulle musu suka faɗi. Daƙiƙa biyu ba ta isa a tsara faɗuwa ba.

Birki da kauce wa

Birkin gaba shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa, domin nauyi yana komawa kan tayar gaba idan ana rage gudu. Ana matse shi ne a hankali sannan a ƙara ƙarfi, tare da na baya, babur yana miƙe. Fizgar birkin gaba lokaci ɗaya ke kayar da mutum. Idan za a kauce, a saki birki tukuna, a kalli inda ake son bi.

Na'urar ABS, wadda ke hana taya kullewa, BMW ce ta fara sa ta a babur na kasuwa a 1988, kuma Tarayyar Turai ta wajabta ta daga 2016 a kan sababbin samfurin babura da injinsu ya wuce 125cc. Ƙananan baburan da 'yan acaɓa da 'yan kabu-kabu ke hawa a Najeriya da Nijar galibi ba su da ita, kuma tsoron birkin gaba ya yaɗu a tsakanin mahaya. Abin damuwa ne ƙwarai, domin mai hawa da silifa da riga mara kauri, ba hular kwano, ga fasinja a baya, shi ne wanda kwalta za ta fi yi wa illa idan ya ja ƙasa.

Akan kawo misalin lalacewar birki gaba ɗaya, ko tunkarar rami mai zurfi a hanyar yashi, a matsayin inda barin babur zai iya zama dole. Ko a nan, rage giya da neman wuri mai laushi a gefen hanya su ake fara gwadawa, domin duk gudun da aka rage kafin faɗuwa yana rage tsananin rauni.